Kumatun da Talabijin Ya Yi wa Baba

Yaya ne ya kawo talabijin ɗin, faffaɗa kamar ƙofar da aka kwantar, ya sa aka kafe shi a bangon falon Inna. Tun daga ranar, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba kafin Yaya ya bar shi ya zauna.

Auta, ƙanwarsa, tace bidiyo ne aikinta, don haka ita aka ɗora wa tsohon kaset ɗin da aka tsinto a ƙasan akwatin Inna. Baba ne a ciki, Allah ya jiƙansa, yana zaune a wannan falon yana gyaran rediyo yana zuba surutu. Ba shi da wani bidiyo a duniya sai wannan. Inna kuwa kwanan baya ta faɗa wa Auta maganar da ta tsaya mata a rai: wai idan ta rufe ido muryarsa tana zuwa sarai, amma fuskar ta fara ɓace mata.

Auta ta juye kaset ɗin a kwamfuta, ta zo da ita ranar da kowa ke gida, ta jona da talabijin. Yaya ya riga kowa cafke rimot.

"Abu ɗaya nake so, hoton ya cika allon daga nan har can," in ji shi. "Ban son baƙin nan da ake bari a gefe."

Ya danna, hoto ya miƙe, sai ga Baba. Baban da kowa ya sani siriri ne, dogo, wanda riga ke yi wa yawa ko da tela ya auna shi sau biyu. Na cikin talabijin kuwa kumatu gare shi ɓul-ɓul, wuya ya shige kafaɗa, hular ta baje kamar an zauna a kanta. Jikoki suka kwashe da dariya, Yaya ma har da riƙe ciki.

Inna ta yi dariya har ta share ƙwalla da gefen mayafi. "Shekara da shekaru ina ɗura wa bawan Allahn nan abinci bai yi kumatu ba, sai talabijin ɗinka ya yi masa a zama ɗaya." Can kuma dariyar ta yanke. Ta ƙura wa allon ido, ta ce a hankali, "Amma wannan ba shi ba ne."

Auta ta miƙe tsaye. Ta fizge rimot daga hannun Yaya, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, hoton zamanin da gajere ne a faɗi, talabijin ɗinka kuma faffaɗa. In ka tilasta ya cika, dole a ja Baba ta kunnuwa."

"To ki zuƙo shi kusa mana, ya cika ba tare da an ja shi ba."

Ta zuƙo don ya gani da idonsa. Allon ya cika, amma saman kan Baba ya tafi, rediyon da ke hannunsa ma ya tafi.

"Wa ya cire masa hula?" in ji Inna. "Mutumin da ko shara zai fitar sai ya sa hula?"

Auta ta mayar da hoton girmansa na asali, baƙi ya dawo gefe biyu. Duk da haka ranta bai kwanta ba, don Baba ya rame amma da sauran kumburi. Ta san dalili: ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, na tsohuwar kyamara sirara ne, kwamfuta kuwa ta ɗauke su masu faɗi da tsawo daidai. Sai dai yaya za ta san inda za ta tsaya, ita da take ƙarama lokacin da aka ɗauka?

Sai ta hango agogon bango a bayan Baba, ya zama kamar ƙwai. Ta ɗaga kai. Ga shi nan sama da talabijin, shi ɗin dai, zagayayye, yana ta tafiyarsa. Ta shiga matse hoton kaɗan-kaɗan, ido ɗaya a bango ɗaya a allo, har agogunan biyu suka zama ɗaya.

Baba ya fito da dogon wuyansa da rigar da ta yi masa yawa, ya ɗago kai daga rediyo ya dubi kyamara.

Yaya ya yi ƙasa da murya. "Inna, baƙin gefen nan bai dame ki ba?"

"Bar shi haka," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Kamar ta ƙofar ɗaki nake hango shi."

Ta jawo kujerarta gaba har gwiwarta ta kusa taɓa bango, ta daɗe tana kallo, tana murmushi.

"Malam, ka ga yadda ka rame," ta ce. "Ajiye rediyon nan ka ci abinci."