Ranar da Na Surka Teku

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bakina ɗaci yake.

Na ganni a kan wani dandamalin ƙarfe a tsakiyar teku, irin wanda ake haƙo mai, ni da teburin shayina da butata. Ni Tsalha fa, da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Rana tsaka ce, ruwan sama yana tashi daga teku yana komawa cikin gajimare, kowa ya riƙe lemarsa ta ƙasa.

Shugabar wurin wata tunkiya ce mai hular kwano. Ta ja ni gaban wasu bututu guda biyu.

Ta ce, "Wannan ruwan saman teku ne, rana ta gasa shi. Wancan daga can ƙasa muke zuƙo shi, sanyinsa har haƙori. Mai ɗumi ya tayar da tururi, tururi ya juya inji, mai sanyi ya kwantar da shi, a sake. Muddin ɗaya ya fi ɗaya zafi, muna da wuta. Ba ruwanmu da dizal."

Na ce, "To Hajiya, ni mene ne nawa a ciki?"

"Gadi. Kada ka bari su haɗu."

Sai ga ni a bakin dandamalin ina leƙen ruwa. Wata waya ta nutsa ƙasa, an jera mata ƙwayayen fitila har inda ido ya gaza. A ƙarshenta yayana Haladu ne, wanda ya tafi aikin teku, yana ɗaure ƙusoshin bututun sanyi. Ɗan mitsitsi nake hangensa kamar ƙuda a kofi, amma muryarsa a kunnena take.

Ya ce, "Tsalha, fitilun nan su ne hanyata. In suka mutu ban san sama ba, ban san ƙasa ba."

Na ce, "Yaya, hauro mana hakanan."

"Saura ƙusa uku."

Na waiwaya, ma'aikata sun cika min benci, dukkansu kifaye, da kayan aiki a jikinsu. Wani tsohon tarwaɗa mai tabarau ya tsoma gemu a bututun ɗumi, ya yamutsa fuska.

"Mai shayi, ya yi zafi. Surka mana."

Ku da ba ku san sana'ar nan ba, za ku ce ai sai in ƙi. Shekara ashirin da biyu ina kan tebur, duk wanda ya ce min ya yi zafi, hannuna ne ke amsawa kafin kaina ya ji. Na kama bututun ɗumi da dama, na sanyi da hagu, na ɗaga sama ina juye wannan cikin wancan, wancan cikin wannan. Wallahi ko ɗigo bai zuba ba, har kumfa ta tashi. Kifaye suka yi ta tafi, ni kuma, abin kunya, na ji daɗi.

Tunkiya ta zo ta tsoma kofato nan, ta tsoma can. Ta ce, "Duk ɗaya." Ta cire hularta ta ajiye a kan teburina. Inji ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Fitilun suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

Na ce, "Innalillahi! Hajiya, a raba su mana!"

"Kai ne mai shayi. Ka taɓa raba wanda ka surka?"

Na ɗauko rariyata na durƙusa ina tace teku, ina kuka kamar ba babba ba. Abin da ya shiga shi yake fita. Kifaye suka tashi suka bar min kofunansu.

Na ƙwala kira, "Yaya! Yaya Haladu!"

Muryarsa ta taso daga duhun, a natse, ko faɗa babu.

"Tsalha, an ɗauke wuta ne?"

Na kasa gaya masa ni ne. Na ce, "E, Yaya, an ɗauke."

"Ba komai," in ji shi. "Zan jira a kawo."

Ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Inna ce take share ƙofar ɗakin Yaya Haladu kamar kullum, ɗakin da shekara tara ke nan ba wanda ya kwana a ciki, tun da ya tafi teku bai dawo ba. Ta ce na tashi lafiya? Na ce lafiya lau.