Rabin Buhun Mu'azu

Da ciwo ya ƙarar da shanun Mu'azu, baffansa da kowa ke kira Bappa ya yanka masa gefen lambunsa a Toranke. Sharaɗin ɗaya ne: idan tumatir bai yi ba a wannan rani, filin ya koma hannun mai shi, Mu'azu kuma ya bar iyalinsa ya tafi cirani. Tafiyar nan ita ce abin da yake tsoro.

Rabin buhun takin zamani kawai ya samu. A can kuwa, namiji shi ne mai watsa taki da hannu biyu, ya kunna inji ya cika komi da ruwa har ya tumbatsa. Mu'azu ya tsaya ya duba inda ruwan Bappa yake gangarewa. Ciyawar bakin magudana ta yi kore shar, ta yi ƙiba, tumatir kuwa ganyensa na neman yin rawaya. Ashe ciyawa Bappa yake kiwo bai sani ba.

Mu'azu da ya yi rainon maruƙa ya san ba a ɗura wa ƙaramin ciki abincin mako a yini ɗaya. Sai ya kwaso busasshen kashin shanu daga tsohon garkensa ya cakuɗa da ƙasa. Takin zamanin kuma ya raba uku. Ya riƙa tona ɗan rami nesa kaɗan da gindin kowane dashe, ya zuba taki murfin kwalba ɗaya, ya binne, ya ba da ruwa daidai jiƙa.

"Mu'azu, magani kake ba su ne?" in ji Bappa. "Da safe ko bayan cin abinci?"

Maƙwabta suka yi ta dariya. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma bai ɗago ba.

Ranar tsinka ta huɗu, tumatirin Bappa ya riga ya kwanta, na Mu'azu ko alamar gajiya babu. Sai da mai babur mai ƙafa uku ya yi sawu biyu zuwa kasuwar Gaya. Bappa ya zagaya komayen, hannu a baya. Can ya yi gyaran murya.

"Filin naka ne. Baɗi kuma ka haɗa da nawa, ni zan riƙa binnewa."

Daɗi ya kama Mu'azu. Ya nufi gida da sauri ya gaya wa Hindatu, matarsa, cewa babu inda za shi.