Inna Tana Ci, Tana Ramewa

Wata uku Malama ba ta leƙa gidan ƙanenta ba. Ranar da ta zo, sai da ta dafa ƙofa. Inna, mahaifiyarsu, tana zaune gaban fanka tana haɗa gumi, wuyanta ya zama kamar mariƙin lema, idanunta sun firfito.

"Inna, me ya same ki?"

"Yunwa," in ji tsohuwar. "Ni kullum yunwa nake ji."

Malama ta juya ta dubi matar ƙanen, wadda ake kira Tela saboda keken ɗinkinta da ke falo. Mijin direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya.

"Yaya, wallahi tana ci," in ji Tela. "Yanzu ta tashi da faranti biyu."

"Ai na gani a jikinta."

Malama ta ɗauki hutu a makaranta ta tare a gidan. Ta karɓe girki. Shinkafa, ƙwai, burodi, duk abin da ta ajiye Inna sai ta share, bayan awa guda ta sake tambaya. Kwana goma, sikeli ya nuna ta ƙara raguwa. Sai zargin Malama ya canza hanya: in ba hana ta ake yi ba, to wani abu ake zuba mata. Tela ta shigo kicin ta tarar da ita tana shinshina gwangwanin sukari. Tela ta ajiye kofinta ta fita.

A waya Malama ta karanta labarin girelin, sinadarin da ciki ke saki in ya zama wayam, ya aika wa ƙwaƙwalwa cewa a ci abinci. Ta ga ta samu shaidar da ba ta ƙarya. Da safe ta kai Inna asibiti, Tela ta bi su ba tare da an gayyace ta ba.

"Likita, girelin nake so a auna. Ina so in san ko an daɗe ana barinta da yunwa."

Likitar ta dubi Malama, ta dubi Tela da ke tsaye jikin bango. Ta kama hannun Inna tana duban agogo. Ta sa ta miƙe hannaye, ta ɗora takarda a kai, takardar ta hau rawa. Ta ba ta ruwa, ta taɓa gaban wuyanta tana haɗiya. Sannan ta tura su ɗiban jini.

Bayan kwana uku suka koma.

"Tayirod ce," in ji likitar. "'Yar tsokar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Tata tana aiki fiye da kima, jiki yana ƙone abinci kamar murhun da aka cika wa iska. Girelin kuwa ba mu auna shi a nan. Ko mun auna, a masu wannan ciwo sau da yawa ƙasa yake yi, alhali yunwa na cinsu. Da bai gaya miki komai a kan kowa ba."

Malama ta rage murya. "Babu abin da za a ba mutum ya jawo masa?"

"Jininta ya nuna garkuwar jikinta ce ke tsokanar tsokar. Ba hannun mutum ba ne."

Tela ta ji. Ta ɗauki jakar Inna ta yi gaba.

A gida Tela ta ajiye ƙwayoyin maganin da likitar ta rubuta a kan tebur. "Yaya, ko ki tafi da Inna, ko ki bar min ita. Ba zan ba da magani ana leƙen hannuna ba."

Malama ta bar mata Inna, don hutunta ya ƙare. Kullum da safe tana bugo waya, Tela ta miƙa wa Inna ba gaisuwa. Malama ta tambayi Inna sau nawa ta sha, da launin ƙwayar, da wanda ya ba ta. Cikin wata biyu rawar hannu ta tsaya, kumatun Inna suka ciko. Da direban ya dawo ya tambayi abin da ya haɗa matarsa da yayarsa, kowacce ta ce babu komai.