Rana a Bayansa

"Riƙe nan, kada yatsanka ya taɓa gilashin," in ji Uwaisu, ya rataya mini igiyar kyamarar a wuya. "Yau kai za ka ɗauke ni."

Na zaci wasa yake. Muna bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu a ƙasar Kabo, la'asar ta yi sanyi, abokanmu Baƙo da Sharfaddeen suna can gindin ɗorawa suna cin gasasshen kifi suna gardamar ƙwallo. Shekara goma sha huɗu katanga ɗaya ce tsakanina da Uwaisu a Gwarzo, ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe kyamarar nan ba. Ko matarsa Sa'ada, iyakarta ta goge masa jakar.

Shi malamin gona ne, hoto kuwa sha'awa ce ta shige masa jini. Duk Asabar sai ya tattaro mu a kan babura mu nausa ƙauyuka, mu kuma da yake ba mu da aikin yi sai mu bi shi kamar raƙumi da akala. A Lakwaya ya taɓa sa Baƙo, ƙaton mutum mai 'ya'ya bakwai, ya kwanta a tsakiyar shanyar barkono, ya wuni yana atishawa. A Kara ya sa ni, da yake tela ne ni, na kwaso ƙyallayen shagona muka ɗaɗɗaura a reshen kuka, muka zauna jiran iska har muka yi azahar a wurin. Na yi mita ranar kamar bakina zai tsage. Amma da ya wanko hoton, sai ga kukar nan kamar ta yi fure kala-kala, har yau yana manne a shagona.

Doka ɗaya gare shi, mun ji ta har mun haddace: "Rana a bayanka, haske a fuskar mutum." Shi kansa kuwa ba ya shiga hoto. In ka ɗaga waya, sai ya kare da tafin hannu ko ya juya maka ƙeya, ya ce, "In na shiga, wa zai ɗauka?"

"Lafiya dai?" na tambaye shi, kyamarar ta yi mini nauyi a ƙirji.

"Lafiya lau, Tela." Ya kalli ruwan. Ciwon hanta ya riga ya cinye shi, rigar da na ɗinka masa da ƙaramar salla tana lilo a jikinsa. "Ka san Sa'ada ta shiga wata na shida. Shekara goma sha ɗaya muna jira. Likita ya gaya mini abin da ya gaya mini, sauran na Allah ne. Ina so abin da ke cikin nan ya san kamannin ubansa. Hoto ɗaya kawai."

Na gyara riƙon kyamarar. Ya taka a hankali ya hau wani falalen dutse a bakin ruwa, ya gyara hula. Ruwan ya kwanta luf, ya koma launin zuma, balbelu suna wucewa ƙasa-ƙasa ba ko motsin kirki, wani masunci yana can nesa a kwalekwale kamar barci yake. Na ɗaga kyamarar, idona cike da ƙwalla, ban ga komai ba sai haske. Na danna.

Ya sauko ya karɓa, ya daɗe yana duban ɗan allon bayanta. Sai ya fara dariya, dariyar ta zame masa tari.

"Tela, shekara nawa kana bina?"

Na leƙa. Babu fuska a hoton. Mutum ne baƙi ƙirin a tsaye kan dutse, rana tana faɗuwa a bayansa, ruwa yana ƙyalli. Ni na tsaya ina fuskantar rana, abin da ya yi shekaru yana hana mu.

"Koma mu sake," na ce.

"Hasken ya tafi, ni ma ƙafafuna sun gaji. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu."

Asabar ta zo ta same shi a kwance. Kullum in na rufe shago nakan shiga in zauna kusa da katifarsa, Sa'ada tana tsakar gida tana dama masa kunun da ba ya sha. Ɗakin nan kowane bango hotuna ne: mata masu sussuka, tsoho yana alwala a bakin rijiya, Sharfaddeen riƙe da faranti cike da ruwa, gajimare a cikinsa. Yakan kwanta yana bin su da ido yana gaya mini inda aka ɗauki kowanne, kamar mai ba da labarin mafarki.

Ran Talata na ɗauko kyamarar daga ƙusa. "Bari in buɗe taga, haske ya faɗo maka. Yanzu na iya."

Ya ɗaga tafin hannunsa, kamar yadda ya saba. Idanunsa sun yi rawaya, kumatun sun faɗa.

"Ba wannan fuskar ba, Tasi'u. Kada ya san ni da wannan. Bari in ɗan murmure."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Na yi kukan rashinsa, amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne abu ɗaya tak mutumin nan ya taɓa roƙona, na kuma ɓata shi.

Na bi Baƙo da Sharfaddeen muka zazzage wayoyinmu. Ƙeyarsa muka samu, da tafin hannunsa, da gefen kunnensa. Na katin zaɓensa kuwa ya dusashe, ko ni ba zan rantse shi ne ba.

Bayan sadakar bakwai, matata Altine ta shigo da saƙo. "Sa'ada ta ce Malam Uwaisu ya gaya mata ka ɗauke shi hoto a bakin ruwa. Tana so a wanko mata."

Sati biyu ina kewaye-kewaye. Yau in ce mai wankin hoto ba ya nan, gobe in ce babu wuta. Altine ta gaji ta ce, "Malam, mace mai takaba da tsohon ciki kake ja wa rai? In babu, ka ce mata babu."

Na kai aka wanko shi babba, na sa a ambulan. Da yamma muka shiga tare, Altine ta karɓi ambulan ɗin ta wuce ciki, ni na tsaya a zaure. Ƙofar zauren gidan yamma take kallo, rana ta biyo bayana ta ratsa har tsakar gida. Ta gefen labule ina hango Sa'ada zaune kan tabarma cikin hijabi mai ruwan toka. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri, ta amsa.

"Sa'ada, ki yafe ni," na ce. "Hoton bai yi ba. Na tsaya ta inda bai kamata ba, fuskar ba ta fito ba."

Na ji ƙarar takarda. Na fara neman takalmina.

"Malam Tasi'u," ta ce a hankali, "ai shi ne."

"Babu fuska fa."

"Dubi hular, ta karkace hagu. Dubi kafaɗar nan da igiyar kyamara ta sauke masa. Duk Asabar in kun dawo daga yawonku, a nan inda kake yake tsayawa ya yi sallama, rana a bayansa. Ba na ganin fuskarsa sai ya shigo. Shekara goma sha ɗaya haka nake fara ganinsa." Muryarta ta ɗan karye. "A nan ba shi da ciwo. Zan ce wa yaron, ga babanka nan ya dawo, yanzu zai shigo."

Altine ta sa gefen mayafi a ido. Ni kuwa na matsa daga bakin ƙofar na jingina da bango, don na ga inuwata ta miƙe har gaban tabarmarta.

Hasken ya shigo shi kaɗai, ya kwanta a tsakar gida, ya hau kan turmi da igiyar shanya. Sa'ada ta jingina hoton a kan cikinta, fuskar hoton tana kallon cikin, ta dafe shi da hannu biyu, tana duban ƙofar zaure.