Kazar Ban Haƙuri

Duk garin Nkhata Bay da ke bakin tafki an san taurin kan Gomezgani Manda, amma babu wanda ya sha wuyarsa kamar 'yarsa Lusungu. Mutum ne da ya ci abinci da ƙirjinsa. In taru ya maƙale a duwatsun ƙasan tafki, shi masunta ke kira. Zai ja iska sau ɗaya, ya kulle baki, ya ɓace, sai matan bakin ruwa sun fara ɗora hannu a ka sannan ya ɓullo yana murmushi. Dorina ake ce masa, sunan kuma ya shige masa kai ya yi zamansa.

Ita Lusungu a wani masaukin baƙi take aiki, tana koya wa mutane nutso da tulun iska a baya. Uban bai taɓa kiran wannan sana'a ba. In ya gan ta da kayan sai ya ce, "Ke, kin taɓa ganin dorina goye da tulu?"

Abin da ya karya masa lago a kan tudu ya faru. Lusungu ta ɗauki wasu baƙi yawo, ta tafi da shi don ya sha iska. Sun kwana a gandun daji, sun ga giwaye da ɓauna, dattijon yana ta gyara wa mai gadin daji magana kamar shi ya haifi giwayen. Daga nan suka hau zuwa matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga dutse cikin wani kududdufi mai sanyin tsiya. A kududdufin nan ya koya mata ruwa tana ƙarama. Yakan danna mata kai ƙasa yana ihu, "Riƙe iskarki! Wanda ya saki iska ya saki ransa!" Har yau in ta tuna sai hancinta ya yi yaji.

Baƙi na cikin iyo sai zoben wata mata ya suɓuce ya nutse. Kafin a ce me, Gomezgani ya tuɓe riga. Ya shiga, ya fito hannu wofi. Ya sake, ya kuma sakewa, ƙarshe ya fito yana tari kamar zai amayar da hanjinsa, birai na kan dutse suna kallo. Matar ta dafa masa kafaɗa ta ce ya bari, ai zoben ba wani abu ba ne. Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi. A haka suka dawo gida.

Da safe sai ga shi a wurin aikinta.

"Ba ni tulun nan naku in gani."

"Adada," ta ce, wato Baba a yarensu, "ba gani ake yi ba, koyo ake yi."

"To koya mini. Ko sai na durƙusa?"

Ta zaunar da shi ta gaya masa doka ɗaya da ba ta da sassauci: mai tulu ba ya riƙe numfashi. Iskar da aka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, in mutum ya taso da ita a kulle sai ta kumbura ta yaga masa huhu. Don kada ya ce ƙarya take, ta nutse da balan-balan, ta hura shi a ƙasa, ta ɗaure ta saki. Kafin ya iso sama ya fashe. Gomezgani ya ɗauki yagaggen ya juya shi a hannu, ya ce ai shi ƙirjinsa ba roba ba ce.

Nan takaici ya fara cin Lusungu. Ta koyar da mutanen da ko a baho tsoron ruwa suke ji, ba su wahalar da ita haka ba. A ruwa marar zurfi, in tana kallonsa kumfar numfashinsa na fita yadda ya kamata. Da zarar hankalinsa ya tafi kan wani kifi, kumfa ta ɗauke. Ta ƙwanƙwasa tulun bayansa, ya harare ta. Hali zanen dutse. Ta ce masa kai tsaye ba za ta kai shi zurfi ba.

"Ke za ki hana ni tafkin nan? Ni da na tsoma ki a ruwa kina majina?"

"Ni ce malama a nan, Adada."

"Malama! To malama, baƙin da ba su san gabas ba kin kai su, ubanki ne kawai bai isa ba. Faɗi a fili, ki ce Dorina ya tsufa."

Da ta bar shi ya yi ta faɗansa. Amma ta tuna fuskarsa a matsirga, zuciyarta ta yi sanyi, ta yarda. Wannan yardar ita ta fi ba ta haushi daga baya, domin ta san abin da ta gani da idonta.

Fumbani mai tuƙa jirgin ruwan masauki ya kai su bayan wani tsibirin duwatsu. Suka sauka a hankali. Gaskiya, da farko abin ya yi kyau. Ƙananan kifaye shuɗɗa da rawaya suka kewaye su, wata uwar kifi ta buɗe baki 'ya'yanta suka ruga ciki. Gomezgani, wanda duk rayuwarsa a guje yake zuwa wurin nan a guje yake komawa, ya tsaya yana kallo kamar baƙo. Kumfa na fita.

Sai ya hango wani tsohon taru a maƙale a dutse. Mutumin da ya shekara da shekaru yana ɓalle taru ba zai wuce wannan ba. Ta yi masa alama ya bari, ya yi kamar bai gani ba. Ya cusa kai, ya ja, igiya ta sarƙe robar bakinsa da yake shaƙar iskar tulu da ita, ta fizge ta. A lokacin ya riga ya cika ƙirji da iska. Bai nemi robar ba, bai dubi 'yarsa ba. Ya yi abin da jikinsa ya sani: ya kulle baki ya harba ƙafa zuwa sama.

Lusungu ta cafke ɗamarar tulunsa ta rataya a jikinsa, amma tsohon da ƙarfinsa, jan ta yake yi sama. Ta nuna masa bakinta, ta fesar da kumfa a fuskarsa. Leɓɓansa a ɗinke, idanunsa a kanta. Hasken sama na ƙara matsowa. Ta dunƙule hannu ta zuba masa naushi a ƙasan haƙarƙari da duk ƙarfin da Allah ya ba ta.

Iska ta ɓalle daga bakinsa. Ta cusa masa robarta ta biyu, ta riƙe shi ƙam, suka taso sannu a hankali.

Yana hawa jirgi, ko numfashi bai gama mayarwa ba, ya ce, "Kin doke ni."

"Na doke ka! Da yanzu gawarka Fumbani ke ja!"

"Ni kika doka. Ubanki."

Fumbani ya duƙar da kai kan inji kamar ba ya ji, amma bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Kafin rana ta faɗi, har masu shanya kifi sun san 'yar Dorina ta naushi ubanta. Ba wanda ya tambayi dalili. Washegari Gwaggo NyaManda, yayar uban, ta dira a ƙofar Lusungu da zanin coci.

"Ke, wace uwa ta haife ki? Hannun da aka wanke miki shi za ki ɗaga wa uba?"

"Gwaggo, mutuwa zai yi."

"Mutuwa a ruwa? Gomezgani? Ki nemi wata ƙaryar. Za ki kawo kaza, ki durƙusa a gabansa, ko ki nemi wasu dangin."

"Da na bar shi huhunsa ya fashe, kaza nawa zan kawo?"

"Ji bakinta! Boko ya gama da ke."

Lusungu ta tafi kasuwa ranta na tafasa. Ta zaɓi kaza mafi rama da ta gani, mai tsigaggen wuya, ta rataye ta a hannu ta ratsa gari kowa na leƙe. Ta sami uban a gindin mangwaro, Gwaggo a gefe ta harɗe hannu. Ta durƙusa kamar yadda al'ada ta ce, ta ajiye kazar.

"Adada, ga kaza. Na ɗaga maka hannu, ka yi haƙuri." Ta ɗago kai. "Amma ka sani, in ka sake kulle bakin nan a ƙasa zan sake, kuma kasuwa ba ta rasa kaji."

Gwaggo ta tafa hannu ta miƙe za ta fara. Gomezgani ya ce, "Yaya, ɗauki kazar nan ki je ki gyara." Ta tafi tana mita, kazar na kuka.

Ya daɗe yana shafa haƙarƙarinsa.

"Na gan ki," ya ce. "Ina ganin kina nuna mini. Na san abin da kike nufi, balan-balan ɗin ma na tuna. Na ce wa bakin nan buɗe, ya ƙi." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya ƙi, Lusungu. Ban taɓa jin tsoron ruwa ba sai jiya."

Duk maganganun da ta ɗauko daga kasuwa suka ɓace mata. Haushin bai tafi ba, sai dai yanzu ta rasa wanda za ta sauke wa. Ta ce, "To ba za ka sake saka tulu ba sai bakin ya koyi jin magana."

Bai yi musu ba. Ya shiga ɗaki, ya fito da babban kwanon wanki, ya cika shi da ruwa ya ajiye tsakaninsu. Ya durƙusa, shi Dorina, a tsakar gidansa da rana tsaka. Ya kama hannunta na dama, wanda ya naushe shi, ya ɗora a ƙeyarsa, ya tsoma fuska a ruwan.

Ruwan ya tsaya cik, ko motsi.

"Saki!" ta daka masa tsawa, hawaye na zubo mata. "Adada, saki iskar nan!"

Kafaɗunsa suka yi rawa. Can sai ƙwayar kumfa ɗaya ta taso ta gefen kunnensa, wata ta biyo ta. Lusungu ba ta ɗauke hannunta ba.