Filin Jirgin da Babu Fitila

Da asuba Yaya ya kira ni, ya ce jikin Baba ya rikice, in ina son ganinsa in taso. Motar garinmu da sassafe take tashi, ta yini ta kwana a hanya, sai gari ya waye take isa. Jirgi kuwa ko awa ɗaya ba ya yi. Maigidana ya ce wa zai je ya jijjiga ƙashinsa a mota alhali ga jirgi, ni ma na ga gaskiyarsa. Na bar mota ta tafi.

Filin jirgin garin da nake aure ɗaki ɗaya ne, da kujerun roba da fanka mai kuka kamar tsohon keken ɗinki. Aka ce da azahar za mu tashi. Azahar ta wuce, jirgin ma bai iso ba. Mai duba tikiti ta ce yana hanya, ko ɗago kai ba ta yi ba, da gani bakinta ya saba da maganar. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye, tunda ba ita ke tuƙa shi ba.

Sai bayan la'asar ya sauka, ɗan mitsitsi da shi, muka miƙe ana ta hamdala. Matuƙin ya shigo ya dubi agogo, ya leƙa ya dubi rana, ya girgiza kai. Ashe filin jirgin garinmu babu fitilu a titin sauka, rana na faɗuwa ake rufe shi. Kafin a sha mai a loda kaya mu isa can, duhu ya shiga. A garin aka haife ni, amma wallahi ban taɓa sanin haka ba. Na roƙe shi har da durƙusawa, na ce a bar kayan mu tafi haka. Ya ba ni haƙuri, ya ce sai gobe da rana, in yanayi ya yi kyau. Da mota na hau, da yanzu na ci rabin hanya.

Na koma kujera na kira Yaya. Ya ce likita ba ya ganin za a kai safiya.

"Tun azahar na ce masa kin taso," in ji shi. "Ya hana a rufe taga, wai yana sauraren jirgi. Ga shi, ki yi masa magana da kanki."

Daidai lokacin aka tayar da injin don a matsar da jirgin gefe ya kwana. Ƙarar ta cika ɗakin.

"Auta," Baba ya ce, muryarsa da ƙyar take fita, "ƙarar nan da nake ji, naku ne?"

"Namu ne, Baba."

"To madalla. Bari in daure in jira ki."

Ban kai ga ba shi amsa ba aka kashe injin.