Nutson Don Anselmo

"A'a, ranka ya daɗe, ba a yin haka," in ji Anselmo Tzib, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. "Wanda ya yi nutso da tulun iska ba ya hawa jirgin sama sai ya cika awa ashirin da huɗu. Iskar da ta shiga jini a hankali take fita. Ku fara da kufan tsoffin biranen ƙabilar Maya, sai bakin teku, nutso ya biyo baya, a bar kwana guda na hutu."

Yana ajiye wayar ya ga matarsa Crescencia a kujerar baƙi, kwanon abincinsa a cinyarta, ba ta da niyyar miƙawa.

Shekara ashirin da biyu ke nan Anselmo yana tsara wa baƙi tafiya daga wannan ɗan ofis na San Ignacio. Kufai kam gida ne. Kakanninsa suka gina, kuma yakan ba da labarin kamar shi ya riƙa miƙa musu dutse. Ruwa ne matsalar. Kamar yawancinmu mazan tudu da tumbi ke riga mu shiga ɗaki, bai iya iyo ba. Bambancinsa da mu, shi akwai hotonsa a bangon ofis cikin baƙaƙen kayan nutso, ya ɗaga babban yatsa. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

"Don Anselmo," ta ce.

Ya gyara zama. A gida Chemo take kiransa, shi kuma yana kiranta Chencha. Ba ta ɗauko laƙabin girmamawa na Don sai da magana.

"Wata mai zuwa aurenmu zai cika ashirin da biyar. Tafiyar nan da kake tsara wa mutane nake so, duka ukun."

"Chencha, ai kin ga kufai."

"Na gani. Teku nake so. In ga kifayen nan da kake cewa suna zuwa su leƙa fuskarka su gaishe ka."

Ya jawo takarda da natsuwar gwani, zufa na gangarowa bayan kunnensa. Kwana biyu a kufai. Ranar uku su isa tsibirin San Pedro, su kwanta a rairayi. Ranar huɗu nutso wajen duwatsun murjani na ƙarƙashin teku. Ranar biyar da sassafe ƙaramin jirgin sama ya dawo da su. Ya ɗan tsaya yana duba takardar, sannan ya dafe goshi kamar yanzu ya lura.

"Kash. Kin ga abin da nake gudu. Nutso ranar huɗu, jirgi ranar biyar da safe, awannin ba su cika ba. Sai dai mu haƙura da nutson. Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"Goge jirgin saman."

"Wai me?"

"A jirgin ruwa za mu dawo, mu sauka a birnin bakin teku mu hau bas. Shekara nawa ina jin dokar nan? Ko akun maƙwabta ya haddace ta. Ba ta hana jirgin ruwa ba."

"Guguwa fa?"

"A watan Maris? Ai ba lokacinta ba ne."

"Kuma kunnen nan nawa na hagu..."

"Kunnenka lafiya lau. Daga bakin titi yake jin an buɗe tukunya."

Ya ajiye biro. Ya dubi ƙofa, babu baƙon da zai cece shi. Fanka na ta juyi a sama. Ya rage murya, ko da yake daga shi sai ita.

"Chencha, akwai maganar da ban taɓa faɗa miki ba."

"Ba ka iya iyo ba."

Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta nuna bango.

"Chemo, dubi hoton can da kyau. Ƙasa, ta gefen dama."

Ya tashi ya matsa kusa. Ya fi shekara ashirin yana goge gilashin hoton nan duk Litinin, bai taɓa lura ba. A kusurwa, dab da ƙafarsa, ga jan wuyan talo-talo.

"Na Mama ne," ta ce. "A bayan gidanmu ƙanena ya ɗauke ka, ranar da ka aro kayan. Ni na kore kajin, wannan ne ya ƙi tafiya. Mun cinye shi a Kirsimeti, har ka ƙara."

"Kuma kika yi shiru duk shekarun nan?"

"Baƙi suna zuwa, me zan ce? Amma ni ba zan shiga tekun nan riƙe da hannun wani malamin nutso ba, alhali ina da miji. A ruwa mai tsayin ƙugu suke fara koya wa mutum. Kai ma haka kake gaya wa tsofaffin Turawa."

Haka ne kuwa, kuma da murya mai kwantar da hankali yake faɗa.

Ya koma ya zauna. Ya soke jirgin sama, ya rubuta jirgin ruwa. A gaban ranar huɗu ya ƙara "mutum biyu". Sai a lokacin ta miƙo masa kwanon. Shinkafa da wake ce da kaza, har ta fara hucewa.

Ya kai loma biyu, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Babban bahon wankin nan na bayan gida, har yanzu yana yoyo?"

"An liƙe shi," ta ce. "Tun da safe na cika maka."